Yadda ake tafiyar da kusurwoyin koyon karatu da lissafi a ajin firamare mai cunkoso

A ajin firamare mai yara da yawa, in malami ya rubuta "ba, be, bi, bo, bu" a allo aka amsa da murya ɗaya, sai a ɗauka kowa ya iya. Ranar da aka kira yaro shi kaɗai aka nuna masa "bo" a cikin kalma, ranar ake gane cewa bakin 'yan gaba yake bi. Kusurwoyin koyo hanya ce ta magance wannan. Ana raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da aikin da zai yi da hannunsa, shi kuma malami ya samu sararin zama da rukuni ɗaya ya ji kowane yaro da kunnensa. Amfanin tsarin duka yana cikin wannan zama na malami da yara kaɗan. Sauran kusurwoyin wurin maimaita abin da aka riga aka koyar ne. Duk aikin da yara ba su taɓa yi tare da malami ba, kada a ajiye shi a kusurwa, domin surutu kawai zai haifar.

Bayanin da ke tafe an gina shi ne a kan aji mai yara 80, daga aji ɗaya zuwa aji uku. Mai yara 50 ko 100 sai ya gyara lissafin daidai da ajinsa.

Fara da sanin inda kowane yaro yake

Kafin a yanka kwali ko ɗaya, a gwada yaran ɗaya bayan ɗaya. A rubuta takarda mai hawa huɗu: haruffa goma, kalmomi goma masu gaɓa biyu, jimloli huɗu gajeru, da ɗan labari mai layi bakwai ko takwas. A fara nuna wa yaro jimlolin. In ya karanta ba tare da cijewa ba a hau da shi labari, in ya kasa a sauko kalmomi, in nan ma ya kasa a sauko haruffa. A matakin kalma da na harafi ya zaɓi biyar da kansa, in ya ci huɗu ya wuce. A lissafi ma haka: gane lamba daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, tarawa mai ajiye, sai ɗebewa mai aro. Irin wannan gwaji shi ne tushen tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai da matakinsa, da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, wanda aka yi aiki da shi a makarantun ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa.

Yaro ɗaya ba ya cin fiye da minti biyu. Yara 16 a rana, kamar rabin awa ke nan, cikin mako ɗaya an gama da karatu. A zauna da yaron a gefe, ba a gaban aji ba, kuma ba da bulala a hannu ba. Yaron da ke tsoro yakan kasa karanta abin da ya sani.

Daga nan a raba su rukuni huɗu bisa matakinsu, kimanin 20 a kowanne. Ba lalle rukunin karatu ya zama shi ne na lissafi ba. Yarinyar da ake aika awo kullum tana iya fin kowa sanin canji alhali ba ta gama haruffa ba. A kula da sunan da za a sa wa rukuni. In aka ce na ɗaya da na huɗu, ko A da D, kafin a tashi tara yara sun raɗa wa na ƙarshen "daƙiƙai". Sunayen ƙofofin gari sun wadatar: Nassarawa, Kabuga, Na'isa, Mazugal. Babu wadda ta fi wata.

Kowane rukuni na 20 a sake kasa shi gida biyar, yara huɗu-huɗu. Wannan shi ne adadin da ke aiki: in sun kai shida, biyu za su zama 'yan kallo. Ma'ana kowace kusurwa tana bukatar kaya saiti biyar.

Kaya su yi yawo, yara su zauna

A aji mai benci a manne da juna, tashin yara 80 lokaci guda don sauya wuri yana cinye minti goma, ga ture-ture da kuka. Abin da ya fi shi ne kowane rukuni ya samu mazauninsa na dindindin, kwandon kaya ne zai riƙa zagayawa. Rukunin da ke da zama da malami ne kaɗai zai taso ya zo tabarma a gaban allo, ko a baranda in akwai inuwa.

Kusurwa ɗaya a rana ta isa, minti 20 na karatu da minti 20 na lissafi, bayan an yi darasin aji gaba ɗaya. Daga Litinin zuwa Alhamis kowane rukuni ya zaga kusurwa huɗu: uku na aiki da kaya, ta huɗu zama da malami. Juma'a da ake tashi da wuri, a ba rukunin da ya fi rauni zama na biyu da malami, sauran su maimaita aikin da suka fi so, a kuma ƙirga kaya a gyara abin da ya yage. A zana jadawalin a kwali a manna kusa da allo, kada kullum a ɓata lokaci wajen tambayar "yau ina muke?"

Kayan aiki

Kusan komai ana samunsa a kusa. Kwalayen da masu kanti suka juye kaya, murafun robar lemo da na ruwa, tsinken tsintsiya, kwalin ƙwai, robar ɗaure kuɗi, ƙyallayen da tela ya rage don ɗinka 'yan jakunkuna. Abin da za a saya shi ne alƙalamin maka, salatif mai faɗi, almakashi da kwanduna na roba. Kwali mai faɗin santimita 50 da tsawon 70 yana ba da kati 100 in an yanka su 5 da 7. Kowane kati a shafe shi da salatif gaba da baya, in ba haka ba gumin hannu da ƙura za su cinye shi kafin ƙarshen zango.

A ja layi a ƙasan kowane kati. Ba ƙaramin abu ba ne: in babu layin, n ta juye ta zama u, 6 ta zama 9, yaro ya karanta daidai abin da ya gani a ce ya yi kuskure. Kowane saiti a ɗiga masa alama tasa a baya, ja ko shuɗi ko kore, don in kati ya faɗi ƙasa a san jakar da zai koma. Murafun kwalba na ƙarfe suna yanka kuma suna tsatsa, a tsaya a kan na roba, a wanke su da sabulu. Ga 'yan aji ɗaya kada a yi ƙirga da wake ko 'ya'yan tsamiya, suna tura su a hanci da kunne. Tsinke kuma a datse tsininsa, a yanka shi tsawon ɗan yatsa biyu.

Kusurwar gina kalma

Hausa ta yi wa mai koyon karatu gata, domin yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. A ɗauki baƙaƙe goma da aka riga aka koyar, misali m, k, n, r, s, t, d, b, g, l, a haɗa kowanne da wasula biyar. Kati 50 ke nan a saiti ɗaya. A ƙara kwafi na biyu na irin su ka, ke, ba da na, saboda kaka, keke da baba. Sai katunan hoto 15 zuwa 20: mota, keke, rake, tulu, doki, gida, riga, taga, lemo, nama, gero. A bayan kowane hoto a rubuta kalmar.

Yadda ake yi: a baje gaɓoɓin a tsakiya. Yaro na farko ya ɗauki hoto ya faɗi sunansa, su huɗun su tafa gaɓoɓin tare, "do-ki", tafi biyu. Na biyu ya nemo gaɓar farko, na uku ta biyu, na huɗu ya juya hoton ya duba ko sun dace. Kowa ya rubuta kalmar a littafinsa, sannan aiki ya zaga. Amsar da ke bayan hoton ita ke hana a riƙa kiran malami, rabon aikin kuma shi ke hana mai ƙoƙari ya yi komai shi kaɗai.

Ga rukunin da bai gama haruffa ba, a ba su haruffa shida zuwa takwas kawai, su haɗa harafi da hoton abin da ya fara da sautinsa. Ga waɗanda suka yi gaba kuwa, nan ne aikin yake da daɗi. A shigo da gaɓoɓi masu rufi irin su gan-ga, mur-hu, tam-ba-ya, da masu baƙi biyu a jere: han-nu, kun-ne, san-nu. Yara da yawa "hanu" da "kune" suke rubutawa har aji shida, saboda ba a taɓa sa su tafa kalmar su ji inda ta rabu ba. Sai tagwayen baƙaƙe, sh, ts, ky, gy, kw, gw, ƙw, waɗanda dole a rubuta su a kati ɗaya, domin sauti ɗaya ne.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, sun cancanci jaka tasu daban. A yi katunan kalmomi biyu-biyu da ƙugiya kaɗai ta bambanta: kaya da ƙaya, baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, daka da ɗaka. Yaro ɗaya ya karanta jimla mai giɓi, "Na taka ___ a gona", sauran su ɗaga katin da ya dace. A fara rubuta ƙugiyar da jan maka na mako biyu ko uku, daga baya a koma baƙin maka, kada ido ya saba da neman launi ya manta da siffa.

Karatu biyu-biyu

Ba sai an jira littattafai ba. Malami ya rubuta gajerun labarai da kalmomin da yaran suka sani, a manyan haruffa, kwafi goma don yara 20. Misali: "Ladi ta je kasuwa. Ta sayi gero da rake. Ta hau keke ta koma gida." Ɗaya ya karanta yana bi da yatsa, ɗayan ya bi da ido, in an yi tuntuɓe ya ƙirga uku a zuci kafin ya taimaka. Su sauya. A bayan katin a sa tambayoyi biyu ko uku na auna fahimta, ɗaya daga ciki wadda amsarta ba ta fito ɓaro-ɓaro a labarin ba.

Matsalar da aka fi samu a nan ita ce hadda. Yaranmu sun ƙware a haddacewa, karo na uku sun riƙe labarin a ka, suna rerawa idonsu na kan taga. Maganinsa a yanka kwafi ɗaya jimla-jimla a cakuɗa su jera, ko a nuna kalma daga tsakiya a ce a karanta. Kuma a sauya labari duk mako. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da aka taƙaita suna jan hankalin masu matakin labari. A tuna kuma rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya. Irin waɗannan kalmomi a cikin jimla ake ba da su.

Kusurwar rubutu ba ta da wahalar shiri. Masu farawa su zana harafi da yatsa a faranti mai yashi suna furta sautinsa, sannan su kwafa a littafi. Na gaba su yi wa juna shifta daga kati mai kalma takwas, su gyara da kansu. Yaran da suka fara da makarantar allo wani lokaci sukan fara rubutun boko daga dama. Ba laifi ba ne, hannu ne ya saba da wata ƙa'idar. A ɗiga musu ɗigo a gefen hagu na kowane layi a ce daga nan ake tashi. Katunan Turanci kuma a yi su da kwali mai wani launi a ajiye daban, domin c ta "cokali" ba ita ce c ta Turanci ba, haka wasulan.

Ƙullin goma

In kusurwa ɗaya kawai za a iya yi a lissafi, to wannan ce. Kowane saiti yana bukatar tsinke 110, robar ɗauri 10, katunan lamba daga 1 zuwa 6 a cikin jaka, da kwali da aka raba biyu, hagu an rubuta "goma-goma", dama "ɗaya-ɗaya". Katunan cikin jaka sun fi ɗan ludo, domin akwai iyayen da in suka ji ana jefa shi a aji za su ɗauka caca ake koya wa 'ya'yansu.

Yara biyu-biyu suke karawa. A zaro lamba, a ɗebi tsinke daidai da ita a ajiye a dama. Da zarar na dama sun kai goma, dole a ɗaure su a mayar hagu. Bayan kowane zagaye a faɗi adadin da baki a rubuta shi. Wanda ya fara kai 50 ya ci. Dokar da ba a sassautawa ita ce gidan dama ba ya riƙe fiye da tara.

Wannan wasa yana gyara kuskuren da harshe kansa ke jawowa. Yaro ya ji "goma sha biyu" sai ya rubuta 10 ya liƙa 2, ya zama 102. Ya ji "ɗari da biyar" ya rubuta 1005. Idan yana ganin ƙulli ɗaya a hagu da tsinke biyu a dama, ya san gida biyu ne kawai, 1 da 2.

Bayan mako biyu a juya wasan: a fara da ƙulli biyar a riƙa ɗebewa har a kai sifiri. Nan yaro zai ga ma'anar aro da idonsa. Ɗauki 52 a ɗebe 27. Amsar da ake yawan gani a littattafai ita ce 35, domin yaron ya ga biyu ba ta kai bakwai ba, sai ya juya ya ɗebe biyu daga bakwai. Da tsinke ba zai yiwu ba. Yana da ƙulli biyar da tsinke biyu, ana neman bakwai, dole ya kwance ƙulli ɗaya. Yanzu ƙulli huɗu ne da tsinke 12. Ya cire bakwai saura biyar, ya cire ƙulli biyu saura biyu: 25. A sa shi ya rubuta kowane mataki a lokacin da hannunsa ke yi. In aka bar tsinke daban rubutu daban, yaro zai iya da tsinke ya ci gaba da rubuta 35 a jarrabawa.

Ga masu koyon lamba ƙasa da goma, kwalin ƙwai mai gurbi 30 yana yankuwa gida uku, kowanne layi biyu na gurbi biyar. A zaro lamba, a sa murafu daidai da ita, a faɗi saura nawa ta cika goma: bakwai da uku, shida da huɗu. Yaron da ya riƙe waɗannan a ka ya daina ƙirga yatsu har da na ƙafa.

Kanti

A tara gwangwanin madara da aka daddanne bakinsa, kwalin ashana, kwalin sabulu, ledar biskit, robar man shafawa, kamar kaya takwas a saiti. A manna wa kowanne farashi. Ba sai ya yi daidai da na kasuwa ba, farashin darasi ake so: 15, 25, 40, 65. Kuɗin a zana su da hannu a takarda, naira 5, 10, 20, 50 da 100, kada a yi hoton kuɗin gaske. Yara huɗu, aiki huɗu: mai kanti, mai saye, akawu da ke rubuta lissafin, da mai duba canji. Katin aike ne ke tafiyar da wasan: "Sayo sabulu da ashana, ga naira 100." Amsar tana baya.

In babu katin aike da akawu, kanti wasan 'yar tsana yake komawa, a yi ta ciniki da dariya ba a tara komai ba. Abin da ake nema shi ne lissafin da yaro ya iya da ka a wajen mai shago ya sauka a takarda. Yakan ba da canji ta hanyar cikawa, "sittin da biyar, ga biyar saba'in, ga talatin ɗari". Hanya ce ingantacciya, a yaba masa, sannan a nuna masa cewa ita ce 100 a ɗebe 65.

Kusurwa ta uku ta lissafi tana iya zama jadawalin lamba 1 zuwa 100 da ake rufe wasu gidaje da murfi a ce a faɗi abin da ke ƙasa, ko ga 'yan aji uku, jera murafu layi-layi don ninkawa: layi uku na huɗu-huɗu, a juya shi ya zama layi huɗu na uku-uku, duka 12.

Zama da malami

Minti 20 ɗin nan kada su tafi a tsawatarwa. Minti uku na bitar abin da ya gabata, bakwai na abu sabo guda ɗaya, bakwai yara su gwada malami yana zagawa yana sauraro, uku na ƙarshe a tambayi yara biyar ɗaya-ɗaya a rubuta abin da aka gani gaban sunansu: "yana musanya b da d", "ta iya ajiye, aro saura". Mako huɗu an ji kowa a rukunin. Malami ya zauna bayansa na bango, fuskarsa na kallon aji.

Mako biyun farko

Mafi yawan waɗanda suka gwada suka bari, a rana ɗaya suka buɗe kusurwa huɗu. A makon farko aiki ɗaya za a koyar, aji duka su kalli yara huɗu suna yi a gaba, sannan a gwada. A koyar da ɗauko kwando, baje kaya, ƙirgawa da mayarwa kamar yadda ake koyar da darasi. A tsayar da alamar tsayawa, tafi uku misali, da aka ji kowa ya ɗaga hannu daga kaya. A nuna muryar da ake so, wadda abokin zama zai ji amma na bencin gaba ba zai ji ba. Mai tambaya ya fara da abokan zamansa, sai shugaban rukuni, ba ya zuwa tabarmar malami sai in ciwo ne ko fitsari. Kowane gida na huɗu yana da mai kaya, kuma a rubuta adadin abin da ke cikin jaka a jikinta. Sai a mako na uku malami zai fara zama da rukuninsa.

Aji zai yi ƙara fiye da da, ya kamata hedimasta ya san dalili tun kafin ya jiyo daga ofis. In surutun ya wuce kima, a duba aikin kafin a duba yaran: ko ya yi musu wuya sun watsar, ko ya yi sauƙi sun gama cikin minti biyar. Don masu saurin gamawa a ajiye aiki na biyu a ƙasan kwando, kamar ƙirƙiro kalma biyar da babu hotonsu, ko rubuta wa abokai katin aike.

Da hunturu iska na kwashe katuna ta taga, a tanadi 'yan duwatsu na dannewa. Da damina kuma danshi da gara ne abokan gaba, don haka kaya su kwana a bokitin roba mai murfi, a ɗora shi a kan tebur a ofis, ba a ƙasa ba. Duk bayan mako biyar ko shida a maimaita gwajin farko da sababbin kalmomi da lambobi, wanda ya haura a mayar da shi rukunin gaba a ranar, a kuma cire katunan da kowa ya riga ya iya a zuba wasu.